Shukar Alkama Da Zaman Makoki: Wa'azi Domin Watan Tunawa Da Matattu



Kowace shekara Ikkilisiya Katolika takan buɗe watan Nuwamba da ranaku biyu masu girma a jere. Ran 1 ga wata muna girmama dukan tsarkaka, ran 2 kuma muna yin addu'a domin dukan masu bi da suka riga mu gidan gaskiya, sa'an nan mu ci gaba da tunawa da su har ƙarshen wata. A wannan yanki namu watan yana da wani aiki kuma. Shi ne lokacin da aka gama yankan shinkafa, hunturu ya fara busowa, manomin rani ya gyara fangalinsa ya zuba irin alkama a ƙasa. Mutum ɗaya yakan je makabarta da sassafe, ya wuce gona da hantsi. Muna so mu yi tunani tare da ku a kan waɗannan ayyuka biyu, gama tambayar da ke damun gidaje da yawa ita ce: wanda aka yi wa rashi, ina zai sami ƙarfin da zai sake shuka?

Ba sai mun je nesa neman misalin baƙin ciki ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, muna cikin azuminmu na kwana 40, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna ƙarshen nasu azumin, labari ya zo cewa an tare wata mota a garin Uromi na Jihar Edo. An zargi matafiyan da ke cikinta da satar mutane saboda bindigogin farauta da aka gani tare da su, taron jama'a kuma ya kashe 16 daga cikinsu ba tare da shari'a ba. Mafarauta ne da suka taso daga Jihar Ribas za su zo gida Sallah, da dama daga cikinsu kuwa 'yan ƙauyen Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure. Gidajen da suka yi shirin tarbar 'ya'yansu suka koma zaman makoki, har gwamnonin Kano da Edo suka je ƙauyen yin ta'aziyya. Wata biyu bayan haka, ran 31 ga Mayu, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa daga gadar Dakatsalle a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su iso gida.

Waɗanda suka manyanta za su ƙara da nasu. Sun tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a nan arewa. Sun tuna watan Afrilu na 2020, lokacin cutar korona, sa'ad da masu haƙa kabari a birnin Kano suka rasa hutu, daga baya kuma Ministan Lafiya na Tarayya ya ce an ƙidaya mutuwar mutum 979 cikin 'yan makonni. Akwai kuma rashin da ba na rai ba, amma yana karya zuciya. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, mutumin da ya ci bashin iri da taki ya wayi gari gonarsa ta bushe kamar an bi ta da wuta, masana'antar sarrafa tumatir da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara ma ta tsaya domin babu abin da za ta niƙa. Bayan waɗannan duka akwai mutuwar da ba ta shiga rediyo: matar da ta rasu a kan gwiwa, yaron da zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana biyu, magidancin da ya faɗi a gona bai sake tashi ba. Ga gidan da abin ya faɗa wa, ba wata mutuwa ƙarama.

Abu na farko da za mu faɗa wa mai makoki shi ne, kuka ba zunubi ba ne. Mun sha jin ana tsawata wa gwauruwa a kan gawar mijinta, ana ce mata ta yi shiru domin hawaye alamar ƙarancin bangaskiya ne. Wannan ba koyarwar Ikkilisiya ba ce. Bisharar Yohanna, sura 11, ta nuna mana Ubangijinmu a Betanya, a gaban kabarin abokinsa Li'azaru. Ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan, ya san mamacin zai fito da ransa, duk da haka da ya ga Maryamu da masu ta'aziyya suna kuka, shi ma hawaye suka zubo masa a gaban jama'a. Marta kuma ta tarye shi da maganar da ke kama da ƙorafi, tana nuna masa cewa ya makara, bai kuwa tsawata mata ba. Idan Ɗan Allah bai ji kunyar hawayensa ba, wane ne mu da za mu hana 'yar'uwarmu nata? Hausawa sukan ce mahaƙurci mawadaci, gaskiya ne kuwa. Amma haƙurin da Allah yake nema a wurinmu shi ne kada mu sake hannunsa, ko da idanunmu suna zubar da ruwa.

Abu na biyu ya shafi masu zuwa gaisuwa. Littafin Ayuba ya ba mu labarin mutumin da ya rasa dabbobinsa da bayinsa da 'ya'yansa goma a rana ɗaya, sa'an nan ciwo ya rufe jikinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman laifin da ya aikata har masifa ta same shi, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ubangijinmu ma ya ƙi wannan lissafi. Sa'ad da almajiransa suka ga mutumin da aka haifa makaho suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya nuna musu cewa ba laifin ɗayansu ba ne. A Luka sura 13 kuma ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba.

Muna jaddada wannan domin mun san abin da yakan biyo bayan mutuwar fuju'a a ƙauyukanmu. Kafin a yi kwana bakwai an fara raɗe-raɗi: wance ce ta kama kurwarsa, wane ne ya yi masa sammu saboda iyakar gona. Daga nan sai a nufi gidan boka, shi kuwa boka ba ya mayar da mai kuɗi hannu wofi, dole ya nuna wani. Sau da yawa wadda ake nunawa tsohuwa ce marar gata, ko kishiya, ko surukar da ba ta da dangi a kusa. Haka rashi ɗaya yakan zama biyu: an binne mutum, an kuma binne zumunta. Ya ku 'yan'uwa, zargin da ya kashe matafiya a Uromi da zargin maita a tsakar gidanmu uwarsu ɗaya, wato tsoro da ke neman wanda zai ɗora wa laifi. Wanda aka yi wa baftisma ba shi da rabo a cikin wannan. Sanƙarau ƙwayar cuta ce ke kawo shi, akwai kuwa allurar rigakafinsa. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙaruwa inda ruwa yake kwanciya, gidan sauro da zuwa asibiti da wuri suna rage shi. Mu nemi dalili inda za a iya gyarawa, mu bar ƙazafi.

To, idan kuka halal ne, bayanin ƙarya kuma haram, me ya rage a hannun mai makoki? Abin da ya rage shi ne bege. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin yadda yake, domin da shi suke noma.

A shekarun 1972 zuwa 1974 fari ya addabi ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya, shanu suka mutu, rumbuna suka ƙare. A daidai waɗannan shekaru ne ake gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta a 1974. Daga can ruwa yake gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da inji ya tura shi ba, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ku dubi manomin da ke zuba alkama a tsakiyar Nuwamba. Sama ba ta da gajimare ko ɗaya, ba zai ga ɗigon ruwan sama ba sai bayan wata biyar ko shida. Daga gonarsa ba ya hango Tiga, wani ma bai taɓa zuwa can ba. Amma yakan ɗebi hatsin da iyalinsa za su iya ci yau ya binne shi a busasshiyar ƙasa, saboda ya tabbata akwai ruwa a can sama, ya kuma san hanyar da zai biyo. Ba wanda yake kiran wannan mutum wawa. A watan Maris, lokacin da dajin da ke kewaye ya zama toka, gonarsa ce take da zangarniya.

Begen Kirista haka yake, sai dai tushensa ya fi Tiga tabbata. Madatsa aikin hannun mutum ce, takan kuma ba da kunya. Dattawa sun tuna yadda ta Bagauda ta fashe a watan Agusta na 1988, ruwan da aka tara domin amfani ya zama abin ɓarna. Haka yake ga duk abin da muke jingina a kansa a duniya: farashin shinkafa, alkawarin masu mulki, ƙarfin jikinmu, har da ɗan da muka sa rai shi zai binne mu. Tushen begenmu shi ne abin da ya faru a Urushalima: an gicciye Yesu Almasihu, ya mutu da gaske, an sa shi a kabari, a rana ta uku kuma ya tashi, mutanen da suka gudu suka bar shi suka gan shi, suka ci abinci tare da shi, daga baya da yawansu suka yarda a kashe su a kan wannan shaida. Shi kansa ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar alkama wadda ba ta ba da amfani sai an binne ta, Manzo Bulus kuma a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15, ya ɗauki misalin iri domin ya bayyana tashin jiki. Saboda haka sa'ad da muke mayar da ƙasa a kan ɗan'uwanmu da aka yi wa baftisma cikin mutuwar Almasihu, mun gaskata shuka muke yi. Wannan bai rage zafin rabuwa ba, ɗakin yana nan wofi, muryar ba ta dawo ba. Abin da ya sake shi ne, mun san mutuwa ba ita ke da magana ta ƙarshe a kan wanda muke ƙauna ba.

Irin wannan bege yakan sa mutum ya yi abin da masu kallo za su ɗauka rashin hankali ne. Littafin Irmiya, sura 32, ya ba da labarin shekarar da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, wajen shekara 587 kafin haihuwar Almasihu. Annabi Irmiya yana tsare a gidan sarki, shi ne kuwa ya yi ta faɗa cewa birnin zai faɗi. Ana cikin haka ɗan baffansa Hanamel ya zo ya yi masa tayin gona a Anatot, garinsu. Wa zai sayi gona a ƙasar da maƙiyi ya mamaye? Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya ba Baruk ya ajiye ta a tukunyar ƙasa domin ta daɗe, alama ce cewa wata rana za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar. Birnin ya faɗi kamar yadda ya ce, shi kansa an tafi da shi Masar. Duk da haka zuriyar waɗanda aka kwasa bauta sun dawo, an kuma sake noma ƙasar. Gwauruwar da ta tashi ta sa 'ya'yanta a makaranta bayan ta binne ubansu, da manomin da ya sake yin rainon iri bayan tsutsa ta cinye na bara, sahun Irmiya suke bi.

A cikin tsarkakan da muka girmama ran 1 ga wata akwai 'yar Afirka da ta san rashi fiye da yawancinmu. An haifi Yusufina Bakhita a Darfur ta ƙasar Sudan wajen 1869. Masu fataucin bayi suka sace ta tana ƙaramar yarinya, firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, sunan Bakhita ma, wato mai sa'a, waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata. An sayar da ita hannu zuwa hannu, an tsattsaga jikinta, ba ta kuma sake ganin uwarta ba har ta mutu. A Italiya ta sami 'yanci, aka yi mata baftisma a 1890, ta shiga zuhudu, ta yi shekaru tana dafa abinci da tsaron ƙofa da ta'azantar da mutane, har ta rasu a 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin jerin tsarkaka a 2000, Paparoma Benedict na 16 kuma ya kafa misali da ita a wasiƙarsa a kan bege ta 2007. Ba a mayar mata da ko ɗaya daga abin da aka ƙwace ba. Abin da ta samu shi ne sanin cewa akwai Ubangiji wanda ya san sunanta na ainihi, wanda shi ma an yi masa bulala, yana kuma jiranta. Da wannan sani ta yafe wa waɗanda suka cuce ta.

Amma kowane manomin rani ya san cewa cikar madatsa ba ta isa ba. Idan kacala da yashi suka toshe hanya, ko na sama ya tare ruwa ya hana shi wucewa, wanda gonarsa take can ƙarshen layi zai ga shukarsa ta mutu alhali Tiga tana cike. Shi ya sa ake yin gayya a yashe hanyoyin ruwa kafin shuka. Ta'aziyyar Allah ma ta hannun mutane take bi kafin ta kai ga mai makoki, mu ne kuwa hanyoyin. Wanda ya ce Allah ya manta da shi, sau da yawa 'yan'uwansa ne suka manta da shi. Bari mu ambaci wuraren da hanyar takan toshe a tsakaninmu.

Takan toshe bayan an watse. A kwana uku na fari gida yakan cika da mutane, har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Bayan wata biyu ba kowa, a lokacin ne kuwa kaɗaici yake sauka da nauyinsa. Zumunta a ƙafa take. Muna roƙon Zumuntar Mata da ƙungiyar maza da matasa a kowace majami'a, tare da katikis, su rubuta gidajen da aka yi rashi a wannan shekara, su raba su a tsakaninsu, a riƙa leƙa su har shekara ta zagayo. Wanda kuma baƙin cikinsa ya kai ga ya daina ci da barci, ko ya koma ga giya da ƙwaya, ko yana zancen ɗauke ransa, kada a bar shi shi kaɗai ko a yi masa gori. A sanar da Fada, a kuma raka shi asibiti, gama wannan ciwo ne da ake yi wa magani.

Takan toshe wajen rabon gado. Abin kunya ne a ce Kirista ya yi kuka a jana'izar wansa da safe, da yamma ya ƙwace gonar marayu ya kori uwarsu. Littafin Rut ya nuna mana Na'omi ta komo Baitalami ba miji ba 'ya'ya, har ta ce a sake mata suna saboda ɗacin ranta. Abin da ya tashe ta shi ne surukar da ta ƙi rabuwa da ita, da Bo'aza mai gona wanda ya umarci ma'aikatansa su riƙa barin zangarniya domin baƙuwa ta yi kala. Idan akwai gwauruwa a layinku wadda ba ta da mai yi mata huɗa, ku yi mata gayya a wannan wata kafin lokacin shuka ya wuce. Ku tsare mata ranar ruwanta. Haka kuma mu rage almubazzaranci wajen biso, kada a sayar da gona ko a ci bashi domin ciyar da taro, a bar marayu ba kuɗin makaranta.

Takan toshe kuma a kan iyakar addini. Mu Kiristocin Kano mun san ɗacin kisan gilla. Mun tuna waɗanda aka kashe suna sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilu 2012, da waɗanda bam ya kashe a Majami'ar Katolika ta Santa Charles a Sabon Gari ran 27 ga Yuli 2014. Mun kuma tuna cewa ran 28 ga Nuwamba na wannan shekara ta 2014 an kashe fiye da mutum 100 a Babban Masallacin Kano suna sallar Juma'a. Hawayen uwa ba su da ɗarika. Tun da mun ɗanɗana, bai kamata a same mu cikin masu neman uzuri ga abin da aka yi a Uromi ba. Kisan mutum ba tare da shari'a ba zunubi ne mai girma, ko wane ne ya aikata, ko me yake kiran kansa. Wajibi ne hukuma ta hukunta masu laifi, wajibi ne kuma kowa ya kame hannunsa daga ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Idan an yi rasuwa a gidan maƙwabcinku Musulmi, ku je ku zauna a tabarma, ku ce ya haƙuri, ku kai abin da kuke da shi. Ruwa ɗaya kuke sha da shi, hanya ɗaya kuke yashewa.

Akwai kuma hidimar da muke iya yi wa su waɗanda suka tafi. Ikkilisiya tana koyar da cewa mutuwa ba ta yanke zumuncin da ke tsakanin masu bi ba, waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a jikinsu kuwa ana tsarkake su kafin su ga fuskarsa, addu'armu kuma tana taimakonsu. Wannan al'ada ta daɗe. Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, ya ba da labarin yadda Yahuza ya tara kuɗi ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin sojojinsa da suka mutu, saboda yana sa rai ga tashin matattu. A nan akwai sauƙi ga wanda zuciyarsa ke ci masa tuwo a ƙwarya, wanda yake cewa da ma na kai shi asibiti da wuri, da ma mun shirya kafin ya tafi. Ƙofa ba ta rufe ba. Abin da ba ka sami faɗa masa ba, ka kawo shi gaban bagade. Ku kawo sunayen matattunku a ambace su a Hadayar Misa cikin wannan wata, ku share kaburburansu, ku yi Rosari a gida tare da yara kuna kiran sunayen kakanninsu, ku yi sadaka ga mabukaci saboda su.

A ƙarshe muna magana da kai, ɗan'uwa, da ke, 'yar'uwa, da kuka karanta wannan duka amma zuciya ba ta motsa ba, addu'a ta ƙi fitowa, majami'a ma ta zama wurin da ke tuna muku wanda ba ya nan. Ba mu ɗauke ku marasa bangaskiya ba. Ku tuna almajirai biyu da suka kama hanyar Imuwasu ranar da Ubangiji ya tashi. Sun juya wa Urushalima baya, suna zancen begensu kamar abin da ya riga ya wuce. Yesu ya bi su a hanya, ya bar su suka zazzage abin da ke ransu, ya yi tafiya mai nisa tare da su ba su gane shi ba, sai da ya gutsuttsura gurasa a gabansu da maraice. Rashin ganinsa bai hana shi kasancewa a gefensu ba. Ku zo Misa ko da ba za ku iya buɗe baki ba, 'yan'uwa za su yi waƙar a madadinku har ranar da muryarku za ta dawo. Irin da aka binne yakan yi kwanaki ba a ga komai a bisa ƙasa ba, manomi kuwa ba ya tone shi domin ya duba. Yakan ba shi ruwa a kan lokaci, ya jira.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, mai ba da iri ga mai shuka, ka dubi gidajenmu da suka yi rashi. Ka karɓi 'yan'uwanmu da suka rasu, ka gafarta musu, ka ba su hutawa a wurinka. Ka sanyaya zukatan iyaye da mata da marayu na Torankawa, da iyalan waɗanda suka rasu a Dakatsalle, da na kowane gida da ke kuka a ɓoye. Ka tsare bakunanmu daga ƙazafi, hannuwanmu daga ramuwa da cin dukiyar maraya. Ka sa albarka a shukar bana, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu, tare da addu'ar Uwarmu Maryamu, wadda ta tsaya a gindin gicciye har ƙarshe. Amin.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.